Kaya nawa ke isar mutum?

Tun da watan Sha'aban ya kama, yawancin saƙonnin da ke shigo mini a kan tufafi suke. Na zaɓi huɗu, na rage musu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Na farko daga wani malamin sakandare ne a Birnin Kebbi. Ya ce: "Anti, maiɗakina ta ƙirga mini kaftani 23 a durowa, amma kullum da safe sai na tsaya ina tunanin abin da zan sa, ƙarshe in koma kan guda shidan da na saba. Ga salla tafe, tela na ta kirana. Kaya nawa ya kamata magidanci irina ya mallaka? Kuma wanne ya fi, shadda ɗaya mai tsada ko yadi uku masu araha?"

Malam, ka riga ka amsa rabin tambayarka da bakinka. Shida kake sawa. Sauran 17 ɗin kuɗinka ne da guminka ke kwance cikin duhu, kuma su ne ke ɓata maka lokaci da safe, domin sai ka ture su kafin hannunka ya kai ga wanda kake so.

Ni daga wanki nake fara wannan lissafin. Kwana nawa ne tsakanin wankinka da na gaba? In mako-mako ake yi maka, kana bukatar kaya biyar na ranakun aiki, da ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. Ba zan ce ka rage ƙasa da haka ba, don na san garin da kake. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, rigar da aka tsaya da ita gaban allo tun safe ba ta maimaituwa washegari. Da damina kuma, musamman a Agusta, shanya na iya yin kwana biyu ba ta bushe ba. Sai ka ware kaya ɗaya ko biyu na Juma'a. Wannan yana da asali a addini: Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da wanda ke da hali ya tanadi tufa biyu na Juma'a ban da kayan aikinsa. Ka lura da adadin, tufa biyu aka ambata. Babbar riga ɗaya mai kyau ta ishe ka salla da ɗaurin aure, biyu in kana yawan shiga taro. Ƙara jallabiya ko 'yar shara biyu ko uku na zaman gida, da rigar sanyi ɗaya ta hunturu. In ka haɗa za ka samu kaya 11 zuwa 15, kuma babu ranar da za ka fita a wulaƙance.

Inda ba na son a yi tsumulmula shi ne singileti da gajeren wando. Su ke shan gumi, su ke tsare kaftanin daga saurin mutuwa. A wadata su. Hula kuma uku ko huɗu sun isa. Kaftani ɗaya da zanna yau, da damanga jibi, mutane kan ɗauka kaya biyu ne.

Batun shadda da yadi, ka raba kuɗin kaya da yawan sawar da za ka yi masa. A ce wani ya ci maka naira 30,000 har da ɗinki, ka sa shi sau 60, kowace sawa ta tsaya maka naira 500. Wani ya ci 15,000 amma ya koɗe, wuyansa ya saki bayan sawa 10, ya tsaya maka 1,500. Abin da magabata ke nufi ke nan da araha ba ta ado. Kada ka manta yadi uku kuɗin tela uku ne. Amma wannan bai sa in ce ka je ka kwashi shadda mai tsada irin Getzner don shiga aji ba. Daga ƙasar Ostiriya ake kawo ta, da kuɗin waje, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, ga jabunta sun cika kasuwa. Alli da ƙurar babur ba su san shadda mai tsada ba. Na aiki, nemi yadin auduga mai matsakaicin kuɗi. In mai shago ya rantse maka auduga ce, roƙi ɗan ƙyalle ka kunna masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, kuma shi ne ke dafa mutum da bazara ya riƙe warin gumi. Shadda mai kyau guda ɗaya, ta Juma'a da taro, a riƙa kai ta wurin mabuga, za ta yi maka shekaru.

Bana dai, da kaftani 23 a ɗaki, ka ba telanka haƙuri. Ka zaɓi mafi kyawu cikin waɗanda ba ka sawa, a wanke, a sa sitati, a goge, ka je idi da shi.

Saƙo na biyu ya fi taɓa ni. Wata ƙanwata ce daga Gusau: "Shekarata biyu da aure. An yi mini lefe akwati shida, har yau akwai turmi 14 da ban ɗinka ba. Amma duk bikin ƙawa sai an fitar da anko, wani kala biyu, wani uku, na kamu daban, na yini daban. Bana kaɗai na yi anko bakwai, biyu da kuɗin adashe. Maigida ya fara magana. In na ƙi yi kuma a ce na raina mutane."

Ƙanwata, kin ga abin da ya faru? Kina da atamfar da za ta kai ki shekara huɗu ko biyar ba ki taka kasuwa ba, kina kuma cin bashi don sayen wata. Ba ke kaɗai ba ce, gidaje da yawa haka suke.

Anko al'ada ce da muka aro daga ƙasar Yarabawa, shi ya sa har yanzu wasu ke ce masa ashobi. Manufarsa mai kyau ce, a ga dangi da ƙawaye sun fito iri ɗaya don karrama mai biki. Matsalarsa ita ce tufa ce mai gajeren rai. Mata 50 sun sa ta rana ɗaya, an yi hotuna, an watsa a WhatsApp, duk inda kika ƙara fita da ita sai a ce ai ankon bikin wance ne. Ga ɗinkin da ake yi masa, matsattse, da duwatsu da dogon hannu mai jan ƙasa, ba ya shiga kicin, ba ya zuwa asibiti. Kin biya kuɗin kaya cikakku don yini ɗaya.

Ki zauna ki raba mutanenki. Akwai waɗanda kuka fito ciki ɗaya, da dangin miji na kusa, da aminiya ɗaya ko biyu waɗanda in ba ki yi ankonsu ba zuciyarsu za ta sosu da gaske. Su ki yi musu, kala ɗaya, ki kuma ce wa tela ya yi miki riga da zani ko doguwar riga marar hayaniya wadda za ki ci gaba da sawa. Sauran kuwa, ki kira mai bikin tun da wuri, kafin a yanko kaya da sunanki, ki ce: "Wance, bana ba zan samu yin anko ba, amma ina nan tafe, ga kuma gudummawata." Rabin kuɗin ankon in kika danƙa mata a hannu ya fi yi mata amfani, don ita ma a wannan makon neman kuɗi take ido rufe. Za a yi magana, ban ɓoye miki ba. Ana yi sau ɗaya ko biyu a saba. Kuma za ki yi mamakin yawan ƙawayen da za su biyo ki a asirce su ce da ma abin ya ishe su.

Turamen da ke akwati kuma, kada ki yi gaggawar ɗinke su. Iyayenmu da suke ajiye turmi ba a ɗinke ba sun san abin da suke yi. Jikin mace yana sauyawa da ciki da goyo, rigar da aka yanka daidai jikin amarya ba lalle ta shige ta bayan haihuwar fari ba, turmi kuwa yadi shida ne yau, yadi shida ne gobe. Kuma dukiya ce, ranar da ta ɓaci dillaliya za ta karɓe shi da daraja, musamman in Holan ce ko babban leshi. Ki riƙa fitar da biyu ko uku a shekara, ɗaya ƙaramar salla, ɗaya babba.

Sai dai ajiya tana da haƙƙi. Na taɓa barin akwati a ƙasa, jingine da bango, damina guda ban buɗe ba. Ranar da na ɗaga murfin na tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye turmi biyar, ciki har da wanda mahaifiyata ta ba ni da hannunta. Na yi kuka ranar, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai mata a gidanmu da za su yi murna da ko ɗaya daga ciki. Ki ɗora akwatunanki kan katako ko bulo, nesa da bango, ki sa kafur, ki fito da kayan su sha iska a inuwa bayan damina, ki sauya musu ninki don kada layi ya kama su. Ƙananan atamfofin da kika san ranki bai kwanta da su ba, ki duba ƙannenki da surukarki da mai taya ki aiki tun suna da kyau.

Mai tambaya ta uku daga Jega take, 'ya'yanta biyar. Tana so ta san ko laifi ne ta haɗa musu da gwanjo, kuma ko dole ne kowa ya samu kala biyu na salla kamar 'ya'yan maƙwabta.

Uwar yara, babu laifi ko kaɗan. Yaro kafin ya kashe riga ya fi ƙarfinta, don haka kayan wasa da na zaman gida gwanjo mai kyau ya wadatar. Ki wanke da sabulu sosai, ki shanya a rana, ki goge kafin su sa. Kamfai da singileti kawai nake so ki saya musu sababbi. Na salla kuwa, kala ɗaya sabo ga kowane yaro ya fi kala biyu da bashi, amma wannan ɗayan kada a hana su in da hali, domin yaro ba ya manta sallar da ya fita da tsohon kaya cikin sa'o'insa. Ki sa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da gefen riga, baɗi a warware. Ki kuma kai ɗinkin yanzu. Wanda ya kai a goman ƙarshe na azumi shi ke kwana a shagon tela daren salla.

Na ƙarshe wani ɗan'uwa ne daga Talata Mafara. Mahaifinsu ya rasu watanni huɗu da suka wuce, ya bar adaka biyu cike da manyan riguna, wasu na saƙi masu aikin hannu. Yana so ya rabar da su sadaka don ɗakin ya samu sarari, yana tambaya ko ya bar wani abu.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗan'uwa, kafin ka taɓa ko hula ɗaya, ka tuna waɗannan kaya gado ne. Haƙƙin dukkan magada ne, har da matansa da 'ya'yansa mata, ko da ba za su sa babbar riga ba. Ba ya halatta mutum ɗaya ya yi sadaka da su sai da yardar sauran, in kuma akwai ƙananan yara a cikin magadan, rabonsu ba a kyauta da shi. Ku nemi malamin da ya san rabon gado, a yi wa kayan kuɗi. Kada a yi musu kuɗin tsofaffin tufafi a dunƙule. Rigar saƙi mai adon aska biyu ko aska takwas da aka yi wa aiki da allura tana cin watanni a hannun maɗinki, masu wannan sana'a kuma raguwa suke yi, wata rigar a cikin adakar nan ta fi sabuwar shadda daraja.

In an raba, naka ya zo hannunka, ka riƙe guda ɗaya, wadda ka fi tuna shi da ita, ka riƙa sawa ranar idi. Sauran, ba sai na faɗa maka inda masu bukata suke ba. Kai ɗan Zamfara ne, ka ga mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, dattawa masu mutunci da suka iso Gusau da Anka da garinku da rigar da ke wuyansu kawai. Irin waɗannan rigunan na Baba su suka dace da su. A wanke, a goge, a ninke, ka kai da kanka ko ta hannun limamin unguwa, ba tare da taro ko hoto ba. Wanda ya yage ko ya ci tabo kada a haɗa da shi, Alƙur'ani ya hana mu nufar mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido.

Wadda ka riƙe ɗin, kada a sa ta a injin wanki ko a murza ta da burushi. A jiƙa ta a ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, a naɗe ta cikin farin ƙyalle da ɗan kafur a gefe.