Abin Da Ya Sa Nake Fasa Ƙwai Ɗaya Bayan Ɗaya

Ɗana, jiya da daddare, lokacin da benci ya cika, ka ce da ni, "Maigida, me zai hana mu riƙa fasa ƙwan nan kai tsaye cikin kofin kaɗawa? Sai kowanne ya bi ta ƙaramin kofi, ga mutane na jira." Hannuna na kan kasko, shi ya sa ban amsa maka ba. Yanzu da babu kowa, jawo kujera ka zauna.

Ƙwai rufaffen abu ne. Burodi da ka matsa shi ka san na jiya ne, madara hanci zai gaya maka, amma ƙwai sai ka fasa. Kiret ɗaya guda 30 ne, kuma da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ba wuya ka tarar da baragurbi a ciki. Mutum ya ce a soya masa uku, ka fasa biyu lafiyayyu a kan albasa da attaruhu, na ukun ya zo a ruɓe: ka yi asarar duka, ga warin da zai tashi mutane daga benci. Ya faru da ni ina yaron wani. Wani direba ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya biya, ya tafi, ban sake ganin sa a teburinmu ba. Har yau abin na damu na, domin da gumin goshinsa ya zo ya ci abinci.

Kafin ma a kai ga fasawa, akwai gwaji. Ka cika kwano da ruwa ka saka wanda kake shakka. Sabo zai kwanta a ƙasa, wanda ya kwana biyu zai miƙe tsaye, wanda ya taso sama kuwa kada ka kai shi kusa da kasko. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwan ciki ke raguwa, iska ta taru a ɓangaren da ya fi faɗi, shi ya sa tsoho ke yawo a saman ruwa. Wanda ka jiƙa ka soya shi a ranar. Na ajiya kuwa kada ka wanke, domin kaza tana saka shi da wani siririn rufi da ke tare ƙazanta. Ka goge da busasshen tsumma, ka jera tsinin yana kallon ƙasa, nesa da wuta.

In ka fasa, duba gwaiduwa. Ta sabon ƙwai tana tsaye a dunƙule, farin yana riƙe da ita. In ta baje kamar ruwa, ƙwan ya tsufa.

Da damina za ka ga 'yan ƙauye da Fulani suna kawo ƙwan zabi. Wannan shi ne wanda ni nake so. Ƙarami ne, ɓawonsa da tauri, sai ka buga da ƙarfi a bakin tebur, gwaiduwarsa kuma ja-ja-ja, da garɗi. Ya fi na gidan gona jure ajiya. Zabuwa takan yi wajen kwana 28 kafin ta ƙyanƙyashe, kaza kuwa 21, kuma tun da a daji ake tsinto wasu, kana iya fasawa ka ga har ya fara zama ɗa. Ka ga wani dalilin ƙaramin kofi ke nan.

Wajen suya, kada mai ya yi hayaƙi. Gishiri kaɗan, domin akwai Maggi. Ka kaɗa har ya yi kumfa, ka zuba, ka rage wuta, ka juya sau ɗaya tak. Wainar ƙwai da ta ƙone ta gefe tana ɗanye a tsakiya ba aikin mai shayi ba ce. Ka tabbata ta nuna har ciki. A 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna, mutane sun guji ƙwai, mun ji a jikinmu, kuma tun daga nan ban yarda in miƙa wa kowa mai ruwa-ruwa ba.

Muna yara ana hana mu ƙwai, wai yaron da ya saba da shi zai yi sata. Camfi ne kawai, an fi son a bar wa kaza ta ƙyanƙyashe. Ni dai in uwa ta aiko yaro da kuɗin ƙwai ɗaya, nakan zaɓar masa babba. Leburan da ya wuni yana ɗaukar bulo, kuɗinsa bai kai na tsire ba, ƙwai biyu a cikin Indomie su ne namansa na ranar. Hausawa suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma shi wannan ƙwan a hannunka yake karɓar sa.

Tashi ka ɗauko kiret ɗin da aka kawo da asuba, ka zo da kwanon ruwa. Akwai guda biyu a gefen hagu da ban yarda da su ba.