Amsa ga ɗalibin da aka yi wa tayin gyaran kiredit tun bai iso Amurka ba

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, Allah ya sanya albarka a wannan gurbin karatu. Ka ce wani ya tuntuɓe ka ta WhatsApp, wai in ka tura masa kuɗi zai gyara maka makin kiredit, wato makin da ke nuna yadda mutum ke biyan bashi, kafin ka sauka, don ka samu gidan haya ba wahala. Kada ka tura masa ko sisi. Wanda bai taɓa cin bashi a ƙasar nan ba, ba shi da abin da za a gyara masa, domin sunansa ma bai shiga littafin masu cin bashi ba tukuna.

Kamfanoni 3 ne ke riƙe da wannan littafi: Equifax da Experian da TransUnion. Bankuna da masu ba da katin bashi suna kai musu rahoton wanda ya biya da wanda ya yi jinkiri, daga nan ake fitar da maki. Wanda aka fi aiki da shi shi ne FICO, daga 300 zuwa 850. Kamar ɗan kasuwar Kantin Kwari ne da ke ba ka kaya bashi don ya ga yadda ka cika alkawari a baya, sai dai a nan kwamfuta ce ke tuna halinka, ba ta san ɗan gidan wane ba. Kashi 35 cikin 100 na makin daga biya a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan bashin da ke kanka, 15 daga daɗewar asusunka, sauran daga yawan neman sabon bashi da nau'insa. FICO ba ya ba ka maki sai asusunka ya kai wata 6 a buɗe. To ta ina mutumin nan zai samo maka maki kana Kano?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne irin hajar da wasu masu irin wannan tayin ke sayarwa. Suna ba mutum lamba mai tsawon lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, suna kiranta CPN, su ce ya riƙa cike takardun banki da ita. Sau da yawa lambar wani ce aka sace, har ta ƙananan yara. Amfani da ita laifin zamba ne a dokar tarayya, kai kuma baƙo ne mai bizar karatu ta F-1. Da kuɗinka za ka saya wa kanka abin da zai iya raba ka da karatun da iyayenka suka sha wahala a kansa. Taka lambar ta gaskiya za ka same ta kyauta idan ka samu aiki a cikin makaranta, ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai nuna maka hanya.

Ko kamfanonin gyara masu rajista ma doka ta ɗaure su. Tun 1996 aka haramta musu karɓar kuɗi kafin su kammala aikin, dole su ba ka yarjejeniya a rubuce, kuma kana da kwana 3 ka fasa. A 2023 hukumar kare masu mu'amala da cibiyoyin kuɗi ta CFPB ta samu hukuncin dala biliyan 2.7 a kan kamfanonin da ke tafiyar da Lexington Law da CreditRepair.com, saboda karɓar kuɗi tun kafin lokaci. Waɗannan fa su ne manya. Babu mai iya goge bayanin da yake gaskiya. Jinkirin biya yana zama shekara 7. Kuskure ne kaɗai ake cirewa, shi ma da kanka za ka iya. Ka shiga AnnualCreditReport.com ka ciro rahotonka kyauta, ka kai ƙorafi ga kamfanin da ya fitar da rahoton, dole su bincika cikin kimanin kwana 30. Mu masu suna Muhammad da Abubakar da Usman sai mun riƙa dubawa, don akan haɗa bashin wani da sunan wani.

Idan ka iso, nemi katin bashi na jingina. Za ka ajiye kamar dala 200 a banki, su ba ka kati na daidai wannan adadi. Ka ɗora masa ƙaramin abu guda, kamar kuɗin waya, ka saita biya ta atomatik, ka biya duka kowane wata. Kada ka cika katin fal, ko da kana iya biya. Adashin da 'yan uwanmu ke yi a nan yana da amfani ƙwarai, amma kamfanonin nan 3 masu riƙe da littafin ba su san da shi ba.

Na san maganar riba tana ranka ko da ba ka faɗa ba. Wanda ya biya duk abin da ke kan katinsa kafin ranar da aka sa, ba a ɗora masa kuɗin ruwa, kuma ƙarya ce cewa sai ka bar saura makinka zai hau. Sai dai yarjejeniyar da za ka sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin ruwa in ka yi jinkiri, kuma malamai sun saɓa a kan wannan. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, zai fi kyau a samu wanda ya san zaman ƙasar nan. Ka dai sani cewa hatta kamfanonin da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci, irin Guidance Residential, suna duba makin.

Sai abu guda da ya fi rusa mutanenmu: kunya. Makinka na fara kyau wani zai zo ya ce ka tsaya masa ya ɗauki mota, ko ka buɗe masa layin waya da sunanka. Ranar da ya wuce kwana 30 bai biya ba, a kanka za a rubuta. In kana da hali ka taimake shi da tsabar kuɗi, amma kada ka ba da sa hannunka.

Batun masauki kuwa, shekarar farko ka nemi ɗakin kwanan makaranta, ko ka tambayi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar ko akwai mai neman abokin zama. Masu gidajen haya da yawa a garuruwan jami'a sun saba da baƙi, sukan karɓi takardar I-20, wadda makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje, da shaidar kuɗin banki, su ɗan ƙara kuɗin ajiya. Turo mini sunan garin in tambaya maka. Ka gaida su Baba da Hajiya.