Zane ko rubutu, wanne ya fi isar da sakamakon binciken lafiya?

Malam, kan tambayarka ta zane ko rubutu, ni dai a ganina zane ya fi saurin shiga kai. Ai Florence Nightingale ma, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, a 1858 da zane ta nuna wa mahukuntan Ingila cewa cututtuka sun fi raunukan yaƙi kashe sojojinsu a yankin Kirimiya, inda suka yi yaƙi da Rasha. Amma fa zane akwai ɓoye zance, sai ka ga hoto yana yawo a WhatsApp wai magani ya rage haɗarin cuta da rabi, alhali ƙila daga mutum 2 cikin 1000 ne ya koma 1. Mutum nawa aka gwada, tsawon wane lokaci, wa ya biya kuɗin aikin, wannan kam sai ka daure ka buɗe rubutun.