Amsa: Wace rizista zan sa wa katod ɗin bawul 12AX7?

Ɗan'uwa, 12AX7 bawul ne na gilashi mai ƙara ƙarfin sauti; a cikinsa akwai katod, da giridi (inda sauti ke shiga), da filet (inda yake fita). Ka ce wutarka bolt 250 ce, rizistar filet kuma 100k (om 100,000), kana neman ta katod. Sa 1.5k (om 1,500) kawai. Giridi kuma ka ɗaure shi da ƙasa ta rizista 1M (om miliyan ɗaya), don ya zauna a bolt sifiri.

Da ka kunna, bar bawul ɗin ya yi ɗumi, sannan ka ɗora mita a kan katod. Za ka ga wajen bolt 1.2. Raba shi da 1,500, ka samu kusan miliamfiya 0.8. Wannan wutar ce ke zubar da bolt 80 a kan 100k ɗin, filet ya tsaya kusa da 170. Idan ka tarar filet ya haura 220, bawul ɗin na dab da rufewa, sauti zai riƙa tsagewa. Rage rizistar katod. Bambancin bolt goma ko ashirin kuwa kada ya dame ka, bawul biyu ba sa zama ɗaya.

Kafasita 22µF da aka haɗa a ƙafafu biyu na rizistar katod zai kai ƙarin sautin wajen ninki 60. Ni dai a ganina ya yi yawa in daga waya ko kwamfuta kake ɗauko kiɗa. 12AU7, wata bawul mai ƙarancin ƙarin sauti, ta fi dacewa, amma ita lissafinta daban ne.

Kafin ka sa hannu ciki, don Allah ka cire wuta, ka sauke cajin manyan kafasitocin ta rizista, ka auna da mita. Suna riƙe wutar da ke iya kisa ko bayan an kashe.