Laftop ɗin da ke manta fasawod ɗin wayfai

Ka ce laftop ɗin da aka kawo maka duk sanda aka kashe aka kunna sai ta sake neman fasawod ɗin wayfai, kana tambaya ko batirin CMOS ne ya mutu ko kuma ka yi mata fomatin kawai a huta. To ɗana ajiye sukudireban nan tukuna. Wancan ƙaramin batirin mai kama da kwabo agogo da saitin BIOS kawai yake riƙewa, ba ruwansa da wayfai, fomatin kuma ai shi ne abu na ƙarshe, ku yaran yanzu da shi kuke farawa.

Windows tana ajiye kowane netwok a fayil ɗinsa daban cikin C:\ProgramData\Microsoft\Wlansvc\Profiles\Interfaces, sunan netwok ɗin da irin tsaronsa da fasawod ɗin a kulle. Abin da nake so ka fara ganowa shi ne, fayil ɗin ne yake ɓacewa ko yana nan injin ne ya ƙi amfani da shi, dan ciwo biyu ne daban kuma maganinsu ba ɗaya ba. Ka jona wayfai ɗin, ka tabbata ka sa alama a Connect automatically, ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta netsh wlan show profiles, ka ga sunan ya fito, sai ka yi mata ristat ka sake rubutawa.

In sunan yana nan to ba mantuwa ta yi ba. Shiga services.msc ka duba WLAN AutoConfig, wato sabis ɗin Windows mai kula da jona wayfai, dole ya zama Automatic kuma yana aiki. Sannan ka tambayi mai ita ko an taɓa saitin rauta, wato na'urar da ke ba da wayfai ɗin, kwanan nan, dan in an canza fasawod ko an mayar da tsaron daga WPA2 zuwa WPA3, tsohon bayanin da ta ajiye ba zai dace ba, sai ta dinga tambaya kai kuma ka ɗauka mantuwa ce. Goge tsohon da netsh wlan delete profile name="sunan netwok ɗin" ka jona sabo, yawanci a nan maganar take ƙarewa.

In kuwa sunan ya ɓace bayan ristat to akwai mai sharewa. Waɗannan manhajojin na goge-goge da mutane ke sawa wai injin ya ƙara gudu, su nake fara zargi. Kuma in injin daga kamfani ko makaranta ya fito ka nemi Deep Freeze ko irinsa, aikinsa kenan, duk abin da ka ajiye da an kunna sai ya mayar da diski yadda yake da, wallahi ko ka kwana kana sa fasawod ba zai zauna ba. Haka in an cire direban katin wayfai, wato manhajar da ke sa katin aiki, an sake sawa, wani lokacin Windows tana ɗaukar katin a matsayin sabo ta buɗe masa sabuwar folda, tsofaffin netwok ɗin duk su tafi. Maɓallin Network reset na cikin saitin Windows ma yana kwashe su gaba ɗaya, kar ka danna shi sai ka gaya wa mai injin.

Kafin ka taɓa direba ka kwashe bayanan da netsh wlan export profile key=clear folder= sai inda za ka ajiye. Amma ka sani wannan key=clear ɗin yana fito da fasawod ɗin kwastoma a fili ne, kowa ya buɗe fayil ɗin zai karanta, da ka gama mayarwa ka goge shi daga filas ɗinka.