Ga 'yar'uwar da ake hana ta gwajin allura

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Sai da na karanta tambayarki sau uku kafin na iya rubuta komai. Kin ce an ga ƙullutu a nononki, likita ya ce a ɗebi 'yar tsoka da allura a kai ɗakin gwaji, amma yayarki ta hana, wai idan ƙarfe ya taɓa sankara sai ta fusata ta bazu. Wannan maganar sak ita aka faɗa mini, kuma na saurara.

Nawa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba ranar da na fara jin sa a wanka. Wata bakwai ina shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har ya kai girman ƙwan kaza, sannan aka kai ni wani ƙaramin asibitin kuɗi. Likitan ya latsa da yatsu biyu, ya ce kitse ne, washegari ya yanke shi. Har yau ina ganin abin a cikin ɗan farantin ƙarfen nan, fari-fari da jini, ma'aikaciyar jinya ta naɗe shi a auduga ta jefa a kwandon shara. Na ce, “Likita, ba za a gwada shi ba?” Bai ko ɗago kai daga takardar da yake rubutu ba, ya ce, “Hajiya, ke ce likitan ko ni?” Na yi shiru, har godiya na yi masa, kuma wannan godiyar ce take ƙona mini rai idan na tuna. Bayan wata tara kaluluwa ta fito mini a hammata, tauri kamar dutse. A asibitin koyarwa likitar ta tambaye ni ina sakamakon abin da aka cire, na zazzage jakata a gabanta, ban sami komai ba sai rasit. Na yafe wa mutane da yawa a wannan jinya, amma shi har yanzu ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe masa.

Saboda haka ki je a yi allurar. Ana kashe wurin, ba ta kai rabin sa'a ba, kuma ba ita ke baza ciwon ba, jinkiri ne. Ƙullutu da yawa ma ba sankara ba ne, amma yatsa ba ya iya tantancewa. Idan kuwa ita ce, kada ki tsaya a “an ga sankara”, ki nemi a yi gwaji na biyu a kan tsokar, wanda zai nuna ER da PR da HER2, wato alamomin da ke nuna abin da ke ciyar da ciwon, ko sinadarin jikin mace da ake kira homon (ER da PR) ko wani furotin (HER2), domin sankarar mama ba iri ɗaya ba ce, kuma waɗannan haruffan ne ke zaɓa miki magani. Tawa mai cin homon ce, shi ya sa bayan kemo (maganin sankara na ƙarin ruwa) da tiyata da gashi (ƙona wurin da hasken na'ura) aka ɗora ni kan tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum. Bincike ya nuna shan sa shekara 5 yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku, wani babban binciken mai suna ATLAS kuma ya nuna kaiwa shekara 10 ya fi. Wata da muke zaman layin kemo tare tata HER2 ce, ita Herceptin aka rubuta mata, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1998, sai dai tsadarsa ta sa sai da suka sayar da fili.

Na san abin da ba ki rubuta ba, tsoron a yanke nonon. Wani likita a Amurka, Bernard Fisher, ya bi mata shekara 20, sakamakon da ya fitar a 2002 ya nuna cewa idan ƙullutun ƙarami ne, cire shi kaɗai a bi da gashi daidai yake da cire nonon duka ta fuskar tsawon rai. Ni na rasa wannan damar a watannin da na yi ina shafe-shafe. Likitata ta taɓa ba ni labarin binciken ABC-DO da aka yi a ƙasashen Afirka biyar aka wallafa a 2020, inda aka ga cikin matan Najeriya da aka bi, kashi 36 cikin 100 ne kawai suke raye bayan shekara uku, kuma zuwa a makare da barin magani a tsakiya suna cikin manyan dalilai. A mota na yi ta kuka ranar.

Kada ki yi faɗa da yayarki, ƙauna ce ta sa ta, tawa ma ita ce daga baya ta riƙa riƙe mini roba ina amai. Ki tafi da ita asibitin, likita ya yi mata bayani da bakinsa. Ki tafi da littafi ki rubuta duk abin da aka ce, domin kai ba ya riƙe komai a ɗakin nan, kuma kowace takarda ki ɗauki hotonta a waya. Duk wanda ya ce zai yanka ki, ki tambaye shi wane ɗakin gwaji zai aika da abin da ya cire. Idan sakamakon ya fito ki turo mini ta akwatin sirri, in gaya miki tambayoyin da za ki yi a ganin likita na gaba. Allah ya sa ba ita ba ce.