Monotayif: me ya haɗa bugu ɗaya da ledar kasuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Garwa, ina ɗan taɓa zane. Na ga wani aiki a waya ana ce masa monotayif, hoton leda ne da gwangwani da bawon magi, a ƙasa an rubuta wai aikin suka ne ga yadda mutane suka haukace da saye-saye. Ni dai ban gane ba, mene ne shi, kuma ta ina ya zama suka? Zan iya yi a gida ba inji?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi na ji daɗin tambayar nan, don aikin da nake koya wa yara ne nan Marwa kuma ba kasafai ake tambayata a kansa ba.

Monotayif ma'anarsa bugu ɗaya. Za ki samu gilas ko farantin ƙarfe mai santsi, ki shafe shi da tawada, ki goge wasu wurare da tsumma ko da yatsa har siffar da kike so ta fito, sai ki kifa takarda a kai ki danne. Kina ɗagawa tawadar ta koma kan takarda, gilas ya zama kusan wayam. Shi ke nan fa, ba a sassaƙa komai a jikinsa ba balle ki sake bugawa. In kin kifa takarda ta biyu za ki samu wani dishi-dishi, masu aikin suna ce masa fatalwa. Wani ɗan Italiya, Castiglione, shi ya fara wajen shekarun 1640, sannan Degas na Faransa ya rungume shi sosai a shekarun 1870, har yana bin fatalwar da allin launi.

To ta ina suka ta shigo? Dubi atamfar da kamfanin masaƙa na CICAM ke bugawa a nan ƙasarmu Kamaru, zane ɗaya ne ake maimaita shi yadi bayan yadi. Bawon magi haka, katin waya haka, ledar ruwa haka. Duk abin da aka ce bugu, an ƙirƙire shi ne don a yi dubu iri ɗaya, a saya, a yar, a sake saya. Shi kuwa monotayif ya ɗauki dabarar bugun amma ya ƙi haihuwar na biyu. Andy Warhol a Amurka a 1962 ya jera hoton gwangwanin miyar Campbell's har 32 kamar a kantar shago, ya nuna yawan da yawa. Jasper Johns kuma, shi ma mai zane ɗan Amurka, a 1982 ya yi ta buga gwangwanin kofi na Savarin da burushi a ciki ta hanyar monotayif, gwangwani ɗaya ne amma kowane bugu da fuskarsa. Ni wannan na biyun ya fi taɓa ni, don yana sa ki tsaya kan abin da kamfani ya yi don kada a tsaya a kansa.

Ranar da na fara gwada ledar ruwa ba zan manta ba. Daga bakin kwata na tsinto ta, na wanke, na kwantar da ita kan baƙar tawada na danna na cire, sai ga duk yamutsewarta ta zauna a gilas kamar jijiyoyin bayan hannun tsohuwa, har gefen nan da aka ciza da haƙori aka sha ruwan ya fito ɓaro-ɓaro. Wata yarinya a aji ta daɗe tana kallo ta ce Malam ashe bakin mutum yana nan. Abin da aka sha a minti ɗaya aka jefar, ga shi ya bar sawu, kuma kin san yadda ledar nan take toshe mana magudanan ruwa da damina, awaki su ci su kumbura, duk da dokar hana leda marar kauri da aka fara aiki da ita tun 2014.

Amma kada ki ɗauka duk wanda ya danna leda a tawada ya yi suka. Wasu ado kawai suke yi, sai a rubuta dogon bayani a ƙasa. Kuma abin da ke damuna da gaske, saboda guda ɗaya ne tal sai ya yi tsada, mai kuɗi ya saya ya rataye a falo, ya zama shi ma kayan nuna isa. Mai zane na kirki dole ya san da wannan, ya tambayi kansa wa zai gani, a ina.

Batun inji kuwa, ba dole ba ne. Gilas ɗin tsohuwar taga ya isa, ki naɗe gefensa da salatif kada ya yanke ki. Nemi tawadar masu buga takardu ko fentin mai, don na ruwa da zafin Garwa kafin ki kifa takarda ya bushe. Ki ɗan jiƙa takardar ta yi laushi kawai, ki murza bayanta da bayan cokali a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Ragar buhun albasa tana fitowa da kyau, haka katin magani da aka ɓare, marfin kwalba kuwa sai kin daddage shi tukuna. In za ki yi rubutu a gilas ki tuna a juye zai fito. Ki wanke da kananzir, a waje inda iska take, kuma da hunturu ki rufe bugun da kwali har ya bushe, in ba haka ba ƙura za ta manne masa.